Sashen labarin ƙasa na Jami'ar Yamai: yadda ake aikin, da inda yake lalacewa

Wanda ya tsallaka gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ya nufi Harobanda, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da Jami'ar Abdou Moumouni. A tsangayar adabi da nazarin zaman ɗan Adam ne sashen labarin ƙasa yake, wanda ɗalibai suka fi kira jeyogarafi. Iyaye da yawa, idan ɗansu ya ce can aka tura shi bayan ya ci bak, sai ransu ya sosu, don a zatonsu karatun bai wuce haddace sunayen koguna da manyan biranen duniya ba. Ba haka abin yake ba. Sashen yana da reshe biyu. Akwai masu nazarin ƙasar kanta, wato ruwan sama, zaizaya, tudu da kwari. Akwai kuma masu nazarin mutanen da ke bisa ƙasar: inda suka zauna, yadda suka raba gona da makiyaya, inda suke zuwa cin rani, da yadda gari ke cinye gonakin da ke kewaye da shi. Reshe na biyun nan ne ke gabanmu, ko da yake a Nijar da wuya a raba su, domin mai binciken rikicin gona a Adar dole ne ya san yadda kori ke cin gaɓa kowace damina.

Jami'ar ta soma a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama Jami'ar Yamai a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin rana ɗan Tasawa wanda ya taɓa shugabantarta, shekara guda bayan rasuwarsa. Amma binciken ƙasa da mutanenta ya girmi jami'ar. Tun a 1944 Faransawa suka buɗe reshen cibiyarsu ta binciken Afirka, IFAN, a Yamai, wadda bayan sauye-sauyen suna ta zama IRSH ta yau, cibiyar binciken zaman ɗan Adam, mai fitar da mujallar Mu Ƙara Sani. A shekarun 1950 Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu, ya bi sawun ƴan Nijar masu tafiya neman kuɗi zuwa Gana, daga baya kuma Edmond Bernus, Bafaranshe masanin labarin ƙasa, ya yi shekaru yana aiki tsakanin Abzinawa makiyaya. A shekarun 1950 ɗin ne kuma aka ɗauki hotunan jirgin sama da aka zana taswirorin ƙasar da su, waɗanda har yau ɗalibi ba ya iya tsallake su idan yana son sanin yadda wuri yake kafin samun ƴancin kai.

Jami'ar ta buɗe ƙofa a tsakiyar babban farin 1968 zuwa 1974, don haka malaman farko ba su sha wahalar neman abin bincike ba. Abin binciken ne ya iso musu har gida. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun kwararo Yamai, aka yi musu sansani a Lazare, wurin da ya zama unguwa daga baya. A 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai don bin diddigin ruwan sama da amfanin gona a ƙasashen Sahel. A 1980 Hamidou Arouna Sidikou, masanin labarin ƙasa ɗan Nijar, ya kammala babban kundinsa a kan birnin Yamai, kuma a shekarar aka fitar da kundin taswirorin Nijar da shi da Bernus suka jagoranta. Farin 1984 ya ƙara jaddada maganar kwararowar hamada, har aka yi babban taro a kanta a Maraɗi a wannan shekarar. Shekarun 1990 sun zo da wahala ga jami'ar gaba ɗaya, daga harbin ɗalibai a kan gada ranar 9 ga Fabrairu 1990 zuwa shekarun da aka soke karatu, amma su ne kuma suka buɗe wa ƴan labarin ƙasa ƙofar aiki. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kuma ya haifar da magadan gari sama da 260 da kowanensu ke bukatar taswirar yankinsa da tsarin raya shi. Malamai irin su Boubacar Yamba, wanda ya yi suna a kan noma da itatuwan gona a jahar Maraɗi, da Kokou Henri Motcho, wanda ya duƙufa a kan birnin Yamai, sun horar da ɗaliban da suka cika waɗannan ofisoshi. Yanzu karatun yana bin tsarin lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan dokta, kuma tun 2010 da aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, Yamai ba ita kaɗai ke ɗauke da nauyin karatun jami'a ba.

Abu na farko da ake cire wa sabon ɗalibi shi ne yarda da matsakaicin lissafi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da dubu ɗari da ƴan kai a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. In aka raba, mutum 13 ko 14 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Wannan adadi gaskiya ne, amma ba ya bayyana ko'ina. A jahar Agadas bai kai mutum 1 ba, a jahar Maraɗi ya kai 80, a wasu gundumomin kudu kuwa ya haura 100. Ƙidayar ta kuma nuna ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato jama'a na ninkawa cikin shekara 18. Gonar da ta ciyar da uba ita ce za a raba wa ƴaƴa biyar ko shida. Daga nan duk sauran darussan suke tasowa.

Fita daji

Darajar kundin masta tana fitowa daga makonnin da ɗalibi ya yi a wurin binciken, kuma a nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa ba tare da mai shi ya sani ba.

Kafin komai akwai gaisuwa. Ɗalibi zai karɓi takardar izini daga sashe, ya kai ta wa shugaban gunduma da ma'aikatar magajin gari, daga nan ya je fadar sarkin yanki, sannan mai gari. Wanda ya tsallake mai gari ya shiga gidaje da takarda a hannu zai samu amsa, amma amsar kare kai ce. A gaban mai gari kuma dole ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi, cewa shi ɗalibi ne, bai zo da tallafi ba, ba kuma ya rubuta sunaye don haraji ko yankan filaye. In bai yi wannan bayani ba, ɗaya daga cikin biyu zai faru. Idan aka zaci ɗan poroje ne, kowa zai rage amfanin da ya samu ya ƙara yawan bakunan da yake ciyarwa. Idan aka zaci ɗan hukuma ne, gonakin da aka saya ko aka karɓa jingina za su ɓace daga zance.

Sai batun wa za a tambaya. Gida daban, iyali daban. A gida ɗaya mai ƙofa ɗaya ana iya samun tukunya uku, kowace da mai ciyar da ita. Ma'aunin da masu ƙidaya ke bi shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya kuma suka yarda da shugaba ɗaya. Ɗalibin da ya ƙirga ƙofofi ya kira su iyalai zai fito da iyali mai mutum 20 da gona mai faɗin da babu irinta a garin. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a zauna da mai gari da masu unguwanni a jera sunayen masu tukunya duka. In sun kai 600 kuma ana son kashi ɗaya cikin goma, sai a jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10, a soma daga lambar da ta fito, a riƙa ɗaukar kowane na goma har a cika 60. Abin da ba a so shi ne mai gari ya zaɓo mutanen da kansa. Ba don mugunta ba, zai kawo waɗanda suka iya magana da baƙo, kuma su ne yawanci masu hali. Baƙin da suka zauna a gefen gari, matan da mazansu suka rasu, da rugagen Fulani da ke bayan gonaki, duk za su fita daga lissafin.

Takardar tambayoyi da Faransanci ake rubuta ta, amma da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ake yin tambayar. Idan masu tambaya huɗu ne kuma kowa na fassarawa a bakinsa, to tambayoyi huɗu ne daban ake yi. Sai an zauna an tsayar da lafazi ɗaya, an gwada shi a kan mutum goma a wani gari na kusa, an gyara, kafin a soma. Tambayar mallakar gona ta fi kowace bukatar wannan kula. Idan ka ce wa manomi gona nawa gare shi, zai iya haɗawa da gandun gidansu, ko ya cire gayaunar matarsa, ko ya sa wadda aka ba shi aro shekara ashirin da suka wuce. Gona-gona ake bi: wannan gado ce, saye ce, aro ce, haya ce ko jingina, wa ke yanke shawarar abin da za a shuka, kuma rumbun wa hatsin ke shiga. Hira ɗaya irin wannan tana cin minti 45 zuwa awa ɗaya. Mai tambaya na gaskiya ba ya wuce shida ko bakwai a yini. Wanda ya dawo da takarda ashirin a rana ɗaya, a ƙarƙashin inuwa ya cika rabinsu.

Kada a tambayi manomi hekta nawa ce gonarsa. Ba da hekta yake aunawa ba, kuma don kada ya kunyata baƙo zai faɗi wata lamba. Shi ya san tiya nawa ta iri gonar ke ci, da kwana nawa yake yi kafin ya gama noman fari. Faɗin kuwa sai an taka. A zagaye iyakar da na'urar GPS, mai gonar na gaba yana nunawa, kuma in da hali maƙwabcin gona na nan. Na'urar hannu tana kuskuren mita 3 zuwa 5. A gonar hatsi mai hekta biyu wannan ba komai ba ne. A lambun albasa mai mita 20 kowane gefe, wato murabba'in mita 400, kuskuren mita 3 zai iya mai da shi 289 ko 529. Ƙananan filaye da igiyar awo ake auna su.

Haka abin yake ga amfanin gona. Manomi da dami yake ƙirga hatsinsa, kuma damin wani gari ba na wani ba ne, har a gari ɗaya damin shekarar ƙoshi ya fi na shekarar fari nauyi. Ɗalibi ya sayi ko ya roƙi dami goma daga gidaje daban-daban, a sussuke, a sheƙe, a auna da tiya, ita ma tiyar a ɗora ta a sikeli, domin kilo biyu da rabi da ake yawan cewa tana ɗauka ya danganta da yadda aka tsora ta. Wanda ya ɗauko nauyin dami daga kundin wani da aka yi a Damagaram ya ɗora a kan garin Adar, duk jadawalinsa na wadatar abinci ya tashi a banza. Dabbobi kuwa ba a tambayar makiyayi yawansu kai tsaye, ba ya faɗa, kuma yana da dalilinsa. A rijiya ko mashaya ake ƙirgawa da ido, da safe, kwana biyu ko uku a jere.

Lokacin fita ma yana sauya sakamako. Da damina mutane na gona tun asuba, ba mai lokacin hira sai bayan la'asar. Da rani akwai lokaci, amma a garuruwan jahar Tawa samari da magidanta da yawa sun riga sun tafi Abijan, Najeriya ko Libiya. Mai binciken cin rani da ya zo a watan Maris zai tarar da mata da tsofaffi, wanda ya zo a watan Yuli zai tarar da waɗanda suka dawo noma amma ba zai ga waɗanda suka daina dawowa ba. Kyakkyawan aiki yana bukatar zuwa biyu. Kuma sai da mace cikin masu tambaya, domin a gidajen kulle namiji baƙo ba ya wuce zaure, alhali matan ne suka san ranar da rumbu ya ƙare da nawa aka aiko daga waje.

Taswira da hoton sama

Ɗaliban yau sun samu abin da malamansu ba su samu ba. Hotunan tauraron Landsat, da suka soma tun 1972, sun zama kyauta daga 2008. Na Sentinel-2 suna zuwa tun 2015. Manhajar zana taswira ta QGIS ba a biyan ko dala, tambayoyi kuma ana cika su a waya da manhajar KoboCollect. Wannan alheri ne babba, amma ya zo da wata lalaci, wato kundin da aka yi shi duka a gaban kwamfuta, mai launuka masu kyau, wanda mai shi bai taɓa taka wurin ba.

Kowane ɗigo a hoton Landsat na yanzu yana rufe mita 30 sau 30, murabba'in mita 900, kusan ɗigo 11 a hekta. Na Sentinel mita 10 ne, ɗigo 100 a hekta. Babu ɗayansu da ke nuna ƙaramin itace guda a tsakiyar gona. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka daɗe ba a lura da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun tsakiyar shekarun 1980 ba, lokacin da suka koma barin tohon gawo, kalgo da sabara a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. Sai da aka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotuna masu kaifi, aka kuma shiga gonakin aka ƙirga, sannan aka gane cewa abin ya kai hekta miliyan 5. Gani ya kori ji. Mai son ƙirga itace a gona yakan ja layi daga bakin gari zuwa daji ta fuskoki huɗu, ya kafa murabba'i mai mita 50 sau 50 a kowane mita 300 ko 500, ya rubuta kowane itace da irinsa da kaurinsa. Gawo yana da wata ɗabi'a mai taimako: da rani yake ganye, da damina ya zubar. Hoton watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da gonaki suka bushe, shi ke fito da shi sarai. In kuma gonaki da makiyaya ake son bambantawa, hoton ƙarshen damina ake nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta hoton Oktoba na wata shekara da na Afrilu na wata, a ce daji ya ƙare.

Akwai wani kuskure na lissafin wuri da ke ɓata aiki a ɓoye. Nijar ta ratsa yankunan UTM fiye da ɗaya, wato yankuna masu lamba da aka raba duniya don lissafin matsayin wuri a taswira. Yamai da garin Tawa suna cikin na 31, Maraɗi da Damagaram na 32, Difa na 33, kuma iyakar 31 da 32 tana kan digiri 6 na gabas, wato ta ratsa jahar Tawa kanta. Wanda ya ɗauki makin GPS, wato lambobin matsayin wuri, a yanki ɗaya ya shigar da su da lambar ɗayan, rijiyoyinsa za su faɗa ɗaruruwan kilomita daga inda suke. Wannan ana ganinsa nan take. Wanda ba a gani shi ne na tsofaffin taswirori, da aka zana bisa wani ma'auni daban da WGS84 na GPS. In ba a daidaita ba, komai zai goce da mita da dama, abin da ya isa ya sa burtali ya faɗa cikin gonar mutum. A kuma tuna cewa a taswirar 1/200,000 santimita ɗaya kilomita 2 ce, kaurin layin biro kaɗai ya kai mita 100. Ba a raba gardamar iyaka da irinta.

Maganar burtali ba ta aji kaɗai ba ce. Dokar Mayu 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma yawan jama'a ya tura gonaki can bayanta. Abin da ya faru a Toda, jahar Maraɗi, a Oktoba 1991, inda sama da mutum 100 suka rasa rayukansu a rikicin manoma da makiyaya, yana cikin abubuwan da kowane ɗalibin wannan fanni ya kamata ya sani. Dokar 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun tanadi a ƙididdige burtuloli, mashayai da wuraren kiwo a sa musu alama. Mai riƙe GPS a wannan aiki, sau da yawa tsohon ɗalibin labarin ƙasa ne a kwamitin filaye na gunduma ko na ƙaramar hukuma. In ya ɗauki maki ba tare da wakilin makiyaya da masu gonakin gefe suna tsaye ba, taswirarsa za ta zama sabon abin faɗa.

Yamai kanta

Birnin da sashen ke zaune cikinsa shi ne babban fagen gwajinsa. Yamai ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926. A 1960 mutanenta ba su wuce 30,000 da wani abu ba, a 1988 sun kusa 400,000, a 2001 sun haura 700,000, a 2012 sun wuce miliyan. Gonakin mutanen Gudel, Gamkalle da Saga aka yanka aka yi unguwanni, dajin kare gari da aka soma dasawa a 1965 kuma gine-gine sun ci wani ɓangarensa. Mai binciken filaye a nan dole ya bambanta takardu uku da mutane ke kira takardar fili: shaidar mallakar gargajiya da ake samu ta hannun mai gari, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan yankan filaye, da cikakkiyar takardar mallaka. Tambayar «kana da takarda?» kusan kowa zai amsa ta da i. Sai an ce wace iri.

Ambaliya ce ta fi nuna amfanin haɗa reshen biyu. Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da ke zuwa daga Gini, wadda ke isowa a hankali wajen Disamba zuwa Fabrairu. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba, Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina. A da ta farkon ce babba. Yanzu jan ruwan ne ke ɓarna, domin ƙasar da aka sassabe ta zama fako ba ta shan ruwa, sai ta tura shi kogi tare da yashi. Kogin da ya tsaya cak a Yamai a 1985 shi ne ya yi ambaliya a 2010 da 2012, a Satumba 2020 kuma ma'auninsa ya taɓa mita 7, alhali daga santimita 620 ake shelar jan gargaɗi. Ruwa ya shiga Lamorde, Kirkisoy da Saga. Masanin ruwa zai faɗi inda ruwan zai kai. Aikin mai nazarin mutane shi ne ya gano me ya sa aka zauna a wurin, kuma amsar tana cikin tarihin farin: a shekarun da kogi ya janye aka sayar da filayen kwari da araha, aka gina. Shi ne kuma zai bincika me ya sa waɗanda aka kwashe zuwa tudu suke komawa. In ka bi su za ka tarar da lambu, ko kamun kifi, ko kuɗin taksi zuwa kasuwa da ya fi ƙarfin abin da mutum ke samu a yini. Tsarin sake matsuguni da bai auna nisan sabon wuri da wurin neman abinci ba, ba ya zama.

A jahar Tawa abin nazarin wani iri ne. Aikin raya karkara na Keita, da ya soma a 1984 da tallafin Italiya, da ramukan tare ruwan sama na yankin Illela da ake kira tassa da rabin-wata, duk sun mai da fako gona. Lissafin fasahar sananne ne, ramin tassa kusan 10,000 a hekta idan tazarar mita ɗaya ce, rabin-wata kuma 313. Tambayar da ta rage ta ɗan labarin ƙasa ce: fakon da ba mai kula da shi jiya, yau da ya soma ba da hatsi, na wa ne? Na matan da suka fasa dutse suka haƙa, ko na wanda kakansa ya taɓa sassabe wurin? Dabbobin da ke kiwo a can kuma ina suka koma? A ganina irin waɗannan kundaye sun fi amfanar ƙasa, kuma su ne suka fi ƙaranci.

Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Fita daji kuɗi take ci, kuma ɗalibi da aljihunsa yake yinta in ba wani poroje ya ɗauke shi ba. In poroje ya ɗauke shi, tambayar porojen zai amsa. Ga kuma rashin tsaro. Sassan Difa, Tilaberi da arewacin Tawa sun yi shekaru cikin dokar ta-ɓaci, a wasu wuraren an hana hawa babur, kuma baƙo mai GPS da taswira yana jawo zargi daga kowane ɓangare. Ba malamin kirki da zai tura ɗalibi can. Sakamakon shi ne kundaye suna taruwa a kan unguwannin Yamai da garuruwan bakin kwalta, wuraren da suka fi bukatar a san halinsu kuma suna zama babu mai rubuta komai a kansu. Hira ta waya da mutanen da suka yi gudun hijira zuwa gari tana ɗan toshe giɓin, muddin mai kundin ya faɗa a fili cewa haka ya yi, bai kuma zana taswira kamar ya taka wurin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar kundin bayan an kare shi gaban malamai. Ana ajiye kwafi a ɗakin karatu, ɗalibi ya tafi neman aiki, garin da ya ba shi masauki da amsoshi ba ya sake jin ɗuriyarsa. Bayan shekara biyu ma'aikatar magajin garin za ta biya wani ofishin bincike ya sake tattara bayanan nan don tsarin raya ƙaramar hukuma. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kafin a sa hannu a takardar kammalawa, ɗalibi ya kai kwafi ɗaya ma'aikatar magajin gari, ɗaya ga kwamitin filaye in aikin ya shafi ƙasa, ya kuma koma fadar mai gari ya karanta taƙaitaccen sakamakon, shafi biyu, da harshen mutanen wurin, su gyara masa inda ya kauce. Sashen kuma ya karɓi ainihin bayanan tare da kundin: makin GPS da lambar yankin UTM da aka yi aiki da ita, ranakun hotunan tauraro, nauyin dami da tiya da aka auna, da takardar tambayoyi da fassararta, an cire sunayen waɗanda suka amsa. Da waɗannan ne ɗalibin da zai je garin bayan shekara goma zai iya kafa murabba'insa a daidai inda na farko ya kafa, ya ƙirga itatuwan, ya ga ko sun ƙaru.